Buhunan Auduga a Zauren Malumfashi

Funtuwa

Ana idar da sallar asuba na hau bayan wata akori-kura mai zuwa Malumfashi. Makarantarmu ce ta zaɓe ni in karanta jawabi a bikin buɗe sabon zauren taro, wanda aka gina don lacca da wasan kwaikwayo da kiɗa. Muryata ƙarama ce, kuma Hedimasta ya ce idan na baya ba su ji ni a gwaji ba, zai ba wani. Shi ya sa na riga kowa tafiya.

A Bakori direba ya tsaya shan fura. Na kasa zama, na kasa ci, sai kewaya motar nake yi ina maimaita jawabin. Ya ce, "Ɗan makaranta, ka ƙyale tayoyin, lafiyarsu lau."

Malumfashi

Da hantsi muka isa. Zauren dogo ne, daɓen siminti, rufin kwano ba silin. Na tsaya kan dandamali na yi sallama, sai ta dawo mini daga bangon baya. Na fara karatu, kowace kalma tana hawa kan ’yar’uwarta.

Mai gadi, Malam Audu, ya ce abin da mamaki, domin da aka aro wurin aka jibge auduga, ko raɗa aka yi ana ji sarai. Jiya aka kwashe buhunan don girmama baƙi.

Na je ƙofar shugaban kwamitin bikin, na roƙe shi a mayar da buhunan cikin zauren.

Ya ce, "Buhuna? Manyan baƙi su zauna kamar a sito?"

Na ce, "Alhaji, a jera su a bangon baya, a rufa musu tabarmi."

Ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya ce a gwada. Har la'asar muna ɗauka. Na tafa hannu, amsa-kuwwar ta mutu.

Washegari na ci gwaji, da yamma na karanta a gaban jama'a. Da aka tashi, wani tsoho daga layin ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka cika sauri a tsakiya, inda ka yi maganar taki."

Na iso gida bayan magariba, da auduga a gashina. Na gode Allah, na gode wa tsohon nan.