Yaɓen Jirgi

Shekarar da tabkin Keita ya cika, maigidana ya sayo tsohon jirgin katako, haƙarƙarinsa uku a karye, gindinsa duk tsaga. Ya sauya haƙarƙarin da icen ƙirya, ya buga sababbin alluna. Saura tsagar. Mutumin da rumbu kaɗai ya iya gyarawa, sai ya kwaɓa laka da kashin jaki ya yaɓe ta sumul.

Na ce, "Malam, cikin ruwa fa za a sa shi."

Ya ce, "Rumbuna damina nawa ya ci?"

Ranar gwaji jirgin ya nutse, Malam tsaye ruwa iya ƙugu, ni na fi kowa dariya. Wani masunci ya toshe masa da auduga da kwalta. Amma har yau Malam cewa yake lakar ce ba ta bushe ba.