Sakinatu da Taswirar Rumbuna

Sakinatu 'yar Ɗanjuma ce, mai ɗinkin bakin buhu a kasuwar Dandume. Ni a da malamin gona ne, kuma rumfa ɗaya muke zama da ubanta ranar kasuwa, don haka tun tana miƙa masa basilla na san ta. Ba ta da yawan magana. Ta tashi tana ganin manomi ya kawo masara, dillali ya taya yadda ya ga dama, manomi ya sallama don ba zai iya komawa da ita gida ba.

Ta yi karatun kwamfuta a Zariya. Da ta dawo, ƙasar ba yadda ta bar ta take ba. Mutanen daji sun shigo. Wasu gonakin an daina zuwa, wasu hanyoyin ba a bin su da kaya. Ba zan tsawaita nan ba.

Ta kama shago a Funtua, ita da wasu matasa uku, suka haɗa manhaja. Manomi zai danna lambobi a ƙaramar wayarsa ya ce yana da masara ko waken suya, 'yan kasuwa su taya daga nesa, a tura mota ta same shi a bakin titi ranar da ya zaɓa. Cikin shekara biyu manoma daga Kafur, Malumfashi, har Musawa suka shiga. Sai dai ladan da take samu bai riƙe shagon ba. Biyu daga cikin matasan sun ce idan kaka ta wuce babu canji, Legas za su tafi, kuma su ne ƙashin bayan aikin.

Ana haka sai ga Chinemerem. Haifaffen Funtua ne, ubansa na sayar da kayan gyaran babur, tare suka yi firamare da Sakinatu. Yanzu yana aiki da wasu Turawa masu zuba jari a ƙananan kamfanoni irin nata. Su ba a barin su su wuce Abuja, shi suka turo ya gano musu. Ranar da ya zo ina shagon, don ta ce in zauna a matsayin dattijon wuri.

"Hajiya Sakina, shugabar kamfani," in ji shi. "Ke da kullum ba ki da fensir."

"Ai kai ka san inda fensiran suke tafiya," ta ce. "Ga Baba, gaishe shi."

Ya rusuna ya gaishe ni kamar ɗan gida, sannan ya buɗe kwamfutarsa.

"Abu ɗaya ya tsaya musu. A manhajarki kusan kowane manomi buhu biyu ko uku ya ce yana da shi, amma motocinki cike suke dawowa. Suna ganin ɗaya daga ciki ƙarya ne."

Sakinatu ta dube ni. Na ce, "Ɗana, ka taɓa jin manomi ya faɗi abin da ke rumbunsa? Ko a zamanin zaman lafiya 'ɗan abin da ba a rasa ba' ake cewa, saboda bakin mutane. Balle yanzu. Wanda ya ce biyu, direba ya san kada ya je da ƙaramar mota."

"Na faɗa musu, Baba, har dariya suka yi. Amma suna son gaskiyar a rubuce: sunan kowane manomi, inda rumbunsa yake a taswira, da yawan buhunansa. Da wannan za su shawo kan nasu manyan."

"Wa zai riƙa gani?" in ji Sakinatu.

"Su kaɗai. Akwai lambar sirri."

"Su, da ni, da abokan aikina, da kai. Da duk wanda ya karɓi wayar ɗayanmu a kan hanya."

Bai musa ba. Ya ce mata tana da mako biyu.

Ta roƙe ni in raka ta Kafur wurin Malam Maitama, manomin da ya fara shiga manhajar kuma ya jawo ƙauyensu duka. Muka same shi yana gyaran garma. Ta yi masa bayani ba ta ɓoye komai ba, har da cewa idan Turawan suka janye, wataƙila mota ta daina zuwa. Ya ajiye garmar ya dube ta.

"'Yata, bara an zo gidan maƙwabcina, aka faɗa masa yawan buhunansa daidai, ba a rage ko ɗaya ba. Har yau ba mu san wanda ya ƙirga ba. Aikinki ne, ba zan hana ki ba. Amma kafin ki rubuta, ki fara goge sunana."

Muka komo Funtua.

Ta aika wa Turawan abin da za ta iya bayarwa: awon kowace mota bayan ta iso gari, da shaidar 'yan kasuwar da suka karɓi kaya, ba suna, ba taswira. Chinemerem ya tsaya mata, sau uku yana komawa wurinsu. Amsar ta zo cikin ladabi ƙwarai. Sun yaba da ƙoƙarinta, sun ce ta sake neman su idan al'amura sun daidaita.

Da kaka ta wuce, matasan biyu suka tafi. Ta saki shagon, ta koma zauren gidan mahaifiyarta, ita da Zaharaddeen, wanda ya rage cikin matasan. Musawa da Malumfashi sun fita daga aikin don hannu bai kai ba. Akwai masu cewa arziki ya zo har ƙofa ta kore shi, kuma cikinsu har da danginta. Idan aka tambaye ni, nakan ce ban san harkar kwamfuta ba.

Bana motarta ta je ƙauyuka goma sha ɗaya ta kwaso kaya. Ban ji an bi sawunta zuwa gidan kowa ba.