Sauƙin Ƙafar da Na Ɓoye wa Inna

Edita, ina gaishe ku da aiki. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina cewa a raina wasu ba su da ta ido, sai ga shi yau layi ya zo kaina. A lokacin da wannan abu ya fara, ni mace ce mai ji da kanta. Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Parakou, ina aure a unguwar Guéma. Haifaffiyar Djougou ce ni, gidanmu gidan 'yan goro ne tun kaka da kakanni, kuma ni kaɗai ce mace a 'ya'yan mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Maigidana direban babbar mota ne, danginsa mutanen Nijar ne da suka daɗe da zama a nan. An san ni da saurin tafiya da saurin baki. Ba na hawan zem, babur ɗin haya, don zuwa kasuwa, a ƙafa nake takawa ina yi wa masu hawa dariya, kuma babu abin da na tsana kamar a ce na yi ƙarya.

Ciwon ya fara ne bayan na yaye autana. Da farko diddigen hagu ne, in na sauko daga gado da safe sai in ji kamar na taka ƙusa. Daga baya ya bazu duk tafin ƙafar, da rana ya yi ta zafi da zugi har in rasa inda zan ajiye ta. Babu kumburi, babu rauni, wanda ya kalli ƙafar ba zai ga bambancinta da 'yar'uwarta ba. Na je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka gwada jini, aka duba sukari, likita ya juya takardun ya ce da ni cikin Faransanci shi bai ga komai ba. Aka yi mini allura a diddigen, aka ba ni ƙwayoyi har cikina ya fara ƙorafi, aka sa na sayi wani mummunan takalmi mai taushi. Har Cotonou maigidana ya kai ni, can ma maganar ɗaya ce. Na koma ga na gida, wanzami ya yi mini ƙaho da tsaga, na sha rubutu, na tsoma ƙafar a ruwan saiwoyin da ban san sunansu ba. Kowane magani sai ya yi kamar zai yi aiki, bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ya dawo wurin zamansa.

Abin da ya fi wahalar bayani shi ne ciwon yana tafiya yana dawowa. Wani lokaci in kwashe makonni ina rarrafe zuwa bayi, wani lokaci in wayi gari garau kamar ban taɓa ciwo ba. A irin wannan rana mai sauƙi aka yi bikin ƙanwar maigidana. Na tsaya kan tukwane tun safe, da aka fara kiɗa farin ciki ya ɗebe ni na shiga fili na ɗan taka. Ashe wata ta ɗauke ni da waya ta tura wa dangi. Kwana biyu bayan nan ciwon ya tashi na kasa fita, sai maganganu suka fara iso ni. Yayar maigidana ta ce ciwona mai hankali ne, ya san ranar biki ya san ranar aiki. Wata ta ce ai likitocin Cotonou ma sun duba ba su ga komai ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, maigidana da aka faɗa a gabansa dariya ya yi. Bai ce ƙarya nake ba, amma bai ce gaskiya nake ba.

Daga ranar na yanke wa kaina wata shawara da nake ganin dabara ce. Na ce ba wanda zai ƙara ganin sauƙina. Na sayi sanda. Ranar ciwo ina dogara ta don dole, ranar sauƙi ina dogara ta don idon mutane. Duk wanda ya tambaye ni ya ƙafa, amsata ɗaya, tana nan yadda take. Kuma dabarar ta yi aiki, surutu ya ragu, har waɗanda suka yi mini habaici suka fara kawo mini magani. Ni da na tsani a kira ni maƙaryaciya, sai na koyi ɗingishi don a yarda da gaskiyata.

Inna ba ta cikin masu shakka. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar abin da likita ya gani ba, ita tunda na ce yana ciwo, to yana ciwo. Amma ita ma amsar da nake ba kowa ita nake ba ta a waya, saboda Inna ba ta iya riƙe labarin daɗi. In na ce mata na ji sauƙi, kafin la'asar duk Djougou ta ji, kafin gobe ya iso Guéma ta bakin direbobi. A shekarun nan kuwa Inna tana shirin aikin hajji. Duk rayuwarta a kan kwandon goro ta yi ta, tana yayyafa masa ruwa tana canza masa ganye, da man kaɗanya da take sarowa a kasuwar Partago, kuma guzurinta ya kammala. Yayana ya ce zai raka ta, ta ce ta ji, amma tsohuwa tana bukatar 'ya mace a masauki da wurin wanka, kuma ita tun ina ƙarama ta ƙudurta tare za mu je. An gaya mata akwai keken da ake tura marasa lafiya a can, ta ce wa zai tura wa, ni in tura ta ko ita ta tura ni. Ta ce ba gaggawa, ɗakin Allah ba ya tashi daga inda yake, za ta jira ƙafata.

Sai wata shekara ta zo da ciwon ya kwanta tun farkon damina, ya yi watanni bai motsa ba. Ban san dalili ba, kamar yadda ban san dalilin zuwansa ba. Ina barci har asuba, ina tsayuwa a salla ba jingina. In zan tafi kasuwa sai in fito da sandata ina ɗingishi har in bar unguwa, in na sha kwana in saƙale ta a hammata cikin mayafi in miƙe da tafiyata ta da. Wallahi na ji daɗin watannin nan, kuma ni kaɗai na ci daɗin, ban ba kowa ba.

Da lokacin yin rajistar mahajjata ya kusa ƙarewa, Inna ba ta yarda da waya ba. Ta shiga motar haya tun daga Djougou ta zo da kanta, da doya da wagashi, cukun nonon shanu, a buhu. Ina jin sallamarta a ƙofar gida na haye katifa na ɗora ƙafa kan matashi. Yayar maigidana tana tsakar gida a ranar, ta zo karɓar wani leshi, kuma ta biyo Inna har ɗaki ta tsaya bakin ƙofa. Inna ta zauna ta ɗauki ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta shafa man kaɗanya, ta danna diddigen a hankali da babban yatsanta, tana kallon fuskata. Ban ji komai ba, amma na ja ƙafar na cije leɓe. Ta ce in gaya mata tsakanina da Allah, ko zan iya ɗawafi a bana, ko da a hankali ne muna hutawa. Na ce mata ko masallacin unguwa ba zan iya kaiwa ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne ya sa, kada ciwon ya tashi a can in zame wa tsohuwa kaya. Akwai wannan, amma ba shi ne babba ba. Abin da na hango shi ne ranar dawowa. Na hango kaina na yi ɗawafi, na yi Safa da Marwa, na yi tafiyar jifa, na sauko ana ce mini Hajiya, sannan wata rana ciwon ya tashi in ce na kasa zuwa kasuwa. Wa zai ƙara yarda da ni? Matar da ke tsaye a bakin ƙofa nake ba amsa, mahaifiyata kuma ita ta biya. Inna ta sauke ƙafar a hankali ta ce ba komai, Allah ya kai mu baɗi. Ta kwana biyu tana yi mini girki da wanki, ni ina kwance lafiyata lau, sannan ta koma.

Bayan komawarta na ji ta hau babur har ƙauyen Onklou, cikin taɓon ƙarshen damina, wurin wani mai maganin ƙashi da aka yi mata kwatance. Ta aiko mini da ƙullin garin magani ta hannun wani direba, na karɓa na jefa ƙarƙashin gado. Na ce a raina baɗi zan gyara komai, zan ce maganin Onklou ne ya yi aiki, in fito da sauƙina a hankali ba wanda zai zarge ni. Da baɗin ta zo, ciwon ya dawo da gaske, fiye da kowane lokaci, har ya taɓa ƙafar dama. A wannan shekarar da na ce wa Inna ba zan iya ba, gaskiya na faɗa, kuma a kunnenta maganar ba ta da bambanci da ta bara. Kafin wata rajistar ta zagayo, Inna ta faɗi a rumfarta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Likita ya ce maganar doguwar tafiya ta ƙare.

Na koma Djougou jinyarta, ina ɗingishi na gaskiya tsakanin ɗakinta da murhu. Bakinta ya karkace, maganarta ta yi nauyi, amma wanda ya saba yana ganewa. Ba ta taɓa ambaton hajji ba. Ƙafata dai take tambaya kullum, tana miƙo hannunta mai lafiya ta taɓa. Wata rana da hantsi ina tsefe mata kai, ta ce tana so in yafe mata. Na ce me ta yi mini. Ta ce shekara da shekaru tana roƙa mini sauƙi, a sujada da azumin nafila, ko na mako ɗaya Allah bai ba ni ba, kuma addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa haka kawai, don haka ta san akwai wani laifi nata da ya tare hanya. Ta ce ta bi abokan kasuwancinta ɗaya bayan ɗaya ta nemi gafara, har wadda suka yi shekaru ba sa magana, ta yi ta binciken ko ta taɓa tauye wa wani mudu, ta rasa. Ta ce wataƙila shi ya sa ma ba a kira ta ɗakin Allah ba.

Na ajiye matsefin na zagayo gabanta na durƙusa, na faɗa mata komai, sandar da mayafin da ranar da ta danna diddigena. Ina kuka ina jiran ta juya mini baya, kuma da ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. Sai ta tambaye ni ko a watannin nan ina barci. Na ce ina yi. Ta tambaya ko da ƙafata nake zuwa kasuwa, na ce da ƙafata, har da sauri. Sai ta fara dariya da rabin bakinta, hawaye na zuba, tana ta hamdala. Ta ce ashe an amsa mata, ba a dai gaya mata ba ne. Ta sa na sake ba ta labarin watannin tun daga farko, ranar da na fara tashi ba ciwo, nisan da nake takawa, irin takalmin da nake sawa. Maganar Makka ba ta tayar ba, ni ma ban iya tayarwa ba. Ta rasu kafin azumin shekarar. Yayana ya je ya yi mata hajjin, an ce ladan yana isa gare ta, kuma na yarda, amma idonta bai ga abin da ta yi rayuwarta tana tanadin gani ba, kuma ni na san sanadi.

Har yau ciwon yana nan, ba suna ba magani, yana zuwa yana tafiya. Abin da na koya shi ne, mai ciwon da ba a gani yana iya shagala da neman a yarda da shi har ya manta da wanda ya yarda da shi tun farko. Na yi shekaru ina kare kaina daga bakin mutanen da ciwona bai taɓa hana su cin tuwo ba, na bar wadda ciwon ke hana ta sukuni tana zargin kanta a gaban Ubangijinta. Ina roƙon masu lafiya su daina auna ciwon mutum da ranar da suka gan shi yana dariya, domin irin wannan magana ce ke koya wa mara lafiya ɓoye sauƙinsa. Amma ba zan ɗora musu laifina ba, da bakina na amsa wa Inna. Ku kuma 'yan'uwana masu fama da irin nawa, in sauƙi ya zo muku ko na yini ɗaya ne, ku gaya wa mai yi muku addu'a, haƙƙinsa ne, masu surutu su yi ta yi. Na jefar da sandar ƙarya, ina ɗaukar ta gaskiya ranar da nake bukata. Makon nan ƙafar ta yi sauƙi, na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, wasu sun yi mini barka, wasu sun taɓe baki. Wadda za ta sa in sake ba ta labarin tun daga farko ba ta nan. Ku taya ni roƙa mata rahama, ni kuma Allah ya yafe mini.