Kwarmin Matashin Malam Ashby

Odilia Fagundes ta yi shekara arba'in da 'yan kai tana ɗinki a bakin ruwan garin Sausalito, dab da mutanen da suka bar gidajensu suka zo neman hasken zuciya, amma ita abin da ta samu ciwon kwankwaso ne. Iyayenta makiyayan shanu ne da suka zo daga tsibiran Azores. Ta tashi tana tatsa, ta koyi keken ɗinki lokacin yaƙi tana ɗinka tamfol a ma'aikatar jiragen ruwa, da aka rufe ma'aikatar ta kama shago tsakanin mai kifi da mai walda. Mijinta Amaro bakaniken injin kwale-kwale ne. Aikinta rumfar jirgi da kujerun jirgi, kuma da a nan ta ƙare in ba don Lionel Ashby ba.

Ashby mutumin Boston ne, tsohon malamin jami'a. Ya je Japan ya yi damina ɗaya, ya dawo da baƙar riga mai faɗin hannu da labarin Zen, hanyar nan da ginshiƙinta mutum ya zauna shiru, ya fuskanci bango, ya bar tunani ya wuce. Allah ya ba shi murya. Duk Lahadi yana rediyo, matan aure su bar wanke-wanke, 'yan jami'a su bar karatu, a saurari yadda magana ba ta da amfani. Littafi kan littafi ya rubuta a kan shiru. Amaro ya taɓa cewa da shiru mutum ne, da ya kai Malam ƙara.

Ranar da Ashby ya fara shiga shagonta, ya zo da zanen wani matashi zagayayye, baƙi, mai naɗe-naɗe a gefe, wanda ake zama a kai. Ya soma yi mata bayanin ma'anar da'ira a wurin mutanen Gabas. Ta tambaye shi faɗi da tsayi. Bai sani ba. Ta sa ya juya, ta auna mazaunansa da tef, ta ce ya dawo jibi.

Audugar rimi ta cusa masa, irin wadda take sa wa rigar ceto. A ƙarƙashi kuma ta ɗinka masa wasu haruffan Japan da jan zare, yadda ya zana mata, wai sunan da malaminsa na can ya raɗa masa ke nan. Daga wannan matashin kasuwa ta buɗe. Mabiya suka yi ta zuwa, masu gemu da marasa takalmi, 'ya'yan likitoci da suka gano cewa dukiya ba komai ba ce tunda ta ubansu ce. Kowa yana son irin na Malam. Odilia ta ɗinka, ba ta tambaya ba. Abu ɗaya ta lura da shi: audugar rimi tana riƙe siffar wanda ya daɗe a kanta. A kwana a tashi sai ta kwanta daidai jikinsa, har wani in ya hau ba zai ji daɗi ba.

Ba ta tsani Ashby ba, a faɗi gaskiya. Yakan gudo daga mabiyansa da rana ya zauna a kan buhun auduga, ya sha miyar kabejinta da naman alade, ya bi da giyar inabin da Amaro yake matsewa a bayan gida. A nan ba ya wa'azi sosai. Har ya taɓa gaya mata cewa shi fa mai nuna hanya ne, ba matafiyi ba, kuma gwiwoyinsa ba sa son ƙasa. Ta ce ta gani. Ya yi dariya har da tari, ya nemi ƙari.

Wata rana ya kawo matashin nan na farko da huda a gefe, inda tabarsa ta faɗi. Ta matsa shi da hannu, ta ji shi fam yadda ya bar shagonta.

"Malam, wannan ai ko kyanwa ba ta kwanta a kansa ba."

"Ajiye mini shi, Odilia. Zan zo in ɗauka ranar da na gama magana."

Ta toshe hudar, ta jefa shi kan kantar shago. Malam bai gama magana ba.

A shekarar ne kwankwasonta ya fara. Kujerar kekenta ta yi ƙasa, in ta taka sai zafi ya taso daga ƙugu ya bi cinya har ɗan yatsa. Likita ya ba ta ƙwayoyi ya ce ta huta, kamar hutu abu ne da ake saya a kanti. Wata safiya ta jawo matashin Malam ta ɗora a kujera, don dai ta ƙarasa wata rumfa. Ta ƙarasa. Gobe ma ta hau. Da farko ya yi mata tauri, sannu a hankali ya saki, ya yi kwarmi mai zurfi ta hagu, wajen da take karkata don ta sauƙaƙa wa ƙafar da ke ciwo. Shekara goma sha wani abu tana kansa daga safe har yamma, fuskarta ga bango, bakinta cike da allurai, ba ta magana da kowa. Baƙin yadin ya koɗe ya koma toka-toka. Da shi take iya taka keke, in babu shi ba ta kai azahar.

Ashby ya mutu a kan kujera mai laushi, yana tsakiyar jimla, da kofi a hannu. Aka ƙona shi, aka raba tokar tsakanin matansa na da da na yanzu da wani dutse. Zauren da mabiyansa suka gina a kan tudu ya koma hannun babban ɗalibinsa, Dwight Kessler, wanda a da yake sayar da inshora a Ohio, yanzu kuma ya aske kai yana amsa sunan Genko. Shi ya sauko shagon da odar matasai masu yawa, don za su yi zaman mako guda na tunawa da Malam, baƙi za su zo daga ko'ina. Yana cikin bayani Odilia ta miƙe ɗauko yadi, matashin ya zame ƙasa ya kife, jan zaren ya bayyana.

Genko ya durƙusa. Ya juya shi da hannu biyu, ya sa tafinsa cikin kwarmin, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ga amsa ga duk masu cewa Malam baki ne kawai. Dubi zurfi. Dubi yadda ya karkata hagu, wajen zuciya.

"Ɗana, ba zuciya ba ce, kwankwaso ne. Wannan ramin nawa ne. Malaminku bai taɓa hawansa ba."

Ya dube ta da irin tausayin da suke duban wanda bai karanta littattafan ba. Ya ce a wannan hanya babu nawa babu naka, babu mai zama babu abin zama, kuma abin da ta faɗa yanzu yana da zurfin da ita kanta ba ta sani ba. Ta ce ta san zurfinsa sarai, ita ta haƙa shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce wannan ma za a rubuta.

Da ta so, da ta ƙwace. Hannunta ya fi nasa ƙarfi nesa. Amma sunan mutum yana jikin abin, da zarenta ta ɗinka, ajiya aka ba ta, kuma Odilia ba ta taɓa riƙe kayan wani ba ko da ya mutu. Ta tsaya tana kallo ya naɗe shi cikin rigarsa ya fita da shi kamar jariri.

Ta ɗinka wa kanta sabo a ranar. Mai ɗinkin matasai ce, me zai gagare ta? Ya gagare ta. Sabon ya tsaya ƙyam, yana tura ta dama, zafin ya dawo da ƙarfinsa. Ta rage auduga, ya zama tsumma. Ta yanka soso ta gwada, ta naɗe bargo, ta sa Amaro ya sare ƙafar kujera ɗaya. Amaro ya ce ta kawo ya ɗora masa injin kwale-kwale ya kwana, ta ce injin ba shi da siffarta. Ya ce yana da nauyinta dai. Ta jefe shi da almakashi, ba ta same shi ba, don ko juyawa ba ta iya yi. Tana yin matashi ɗaya ta kwanta a ƙasan shago ta miƙe ƙafa. Odar zaure tana jibge, yadi a yanke, babu mai taka keke. In haka ta ci gaba sai dai ta rufe shagon, kuma ita ba ta san wani abin yi da rana ba.

Ta sa Amaro ya kai ta tudun da motarsa. Matashin yana gaban zaure cikin akwatin gilashi, da turaren wuta da furanni. Mutane a layi, kowa ya zo ya haɗa tafuka ya rusuna. Wata mata mai sarƙar zinariya tana gaya wa ƙawarta cewa tana jin wani ɗumi yana fitowa daga ciki.

"Tsohuwa," in ji Amaro a kunnenta, "shekara talatin da biyar ina tare da wannan wurin, ban taɓa kawo masa fure ba. Ki yafe mini."

"Rufe mini baki, bakaniken banza."

Ta nemi Genko, ta ce a ba ta aro har ta gama odar. Ya ce abu ne mai tsarki yanzu, ba a zama a kansa. Ta ce to da me aka yi shi? Ya ce ta yi ƙoƙari ta saki, riƙe abu shi ne tushen wahala, haka Malam ya koyar. Ta dubi makullin akwatin da ke rataye a wuyansa. Ta ɗingisa ta koma mota.

Ba yajin aiki ta yi ba, kodayake daga baya haka aka riƙa faɗa a gari. Ta yi iya yinta, ta kai abin da bai kai rabin rabi ba. Baƙi suka iso daga New York da Chicago, wasu har daga Jamus, aka kaɗa ƙararrawa, aka zauna. Manya suka samu matasai. Sauran aka ba su naɗaɗɗen bargo, da bargo ya ƙare aka koma littafin lambobin tarho. Zaman nasu tun asuba ne har faɗuwar rana, a kan katako. Kafin tsakiyar mako wani lauya ya miƙe ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗa kan ƙararrawa. Wasu suka sulale zuwa masauki. Matar nan mai sarƙa, wadda ita ta sayi rufin zauren, ta gaya wa Genko cewa ta zo ne ta manta da jikinta, amma tunda aka haife ta ba ta taɓa tunawa da shi kamar wannan makon ba.

Da la'asar sai ga Genko a ƙofar shago, sanye da hular kamun kifi don kada a gane shi, da buhun takarda irin na kantin cefane. Ya ajiye a kan tebur. Odilia tana kwance a ƙasa, ba ta tashi ba.

"Inna, aro ne," in ji shi. "Kada kowa ya ji."

"Ka saki ke nan?"

Ya ce ya rufe akwatin da yadi, ya gaya musu wannan ma darasi ne, amma yadin ba zai daɗe ba. Yana roƙon ta ɗinka wani irinsa sak, da jan zaren, da koɗewar, da kwarmin. Ya ji ana dafa yadi da shayi don ya tsufa.

Ta miƙe da ƙyar, ta ciro matashin, ta kakkaɓe tokar turare, ta ɗora a kujera, ta zauna. Jikinta ya shiga ramin ya tsaya. Ta ɗan lumshe ido, sannan ta sa ƙafa a keke.

"Zan ɗinka maka sabo, da sunansa, da komai. Kwarmi kuwa ba a ɗinka shi. Kuna da mazaunai cike da zaure a tudu, ka ba wani ya yi aikin."

Ta gama odar a cikin makon, baƙin da suka rage suka yi kwanakin ƙarshe cikin sauƙi, suka koma gida suna ba da labarin yadda hankalinsu ya kwanta farat ɗaya. Sabon matashin kuma ta aika Amaro ya kai.

Ba a samu wanda ya yi aikin ba. Genko ya shiga yawon lacca, ɗalibai kuwa wa ya isa ya hau abin da ke da sunan Malam? Sai aka sa shi a akwatin yadda yake, baƙi wul, cike fam, ko yatsa bai lotsa shi ba. Waɗanda suka ga na farko suka ce da auduga ta huta sai ta tashi, wasu suka ce abin ya fi ƙarfin bayani. Aka rubuta a jikin gilashi cewa Malam ya yi shekaru yana zama a kansa, amma don tsabar sakin duniya bai bar ko alama ba. Har yau ana zuwa gani, ana sayen kaset a ƙofa. Odilia da ta ji, ta ce wannan ne karo na farko da aka nuna mutumin yadda yake, kuma da yana nan da ya yi dariya har da tari.

Aron ba a zo karɓa ba. Ta yi wasu shekarun a kansa, har idonta ya daina ganin kafar allura, ta sayar da keken ga wata 'yar Filifin da ke ɗinkin labule. Matashin ta tafi da shi gida, ta ɗora a kujerar da take kallon talabijin. Da ta rasu, 'yarta tana kwashe kaya ta ɗaga shi, ta ga tsohon abu ne da ya lotsa gefe guda, sai ta jefa wa kare.