Tsibiran An Ce

Abukari mutumin Zangon Kumasi ne, direban motar kaya a wani sito da ke Al Warsan, can ƙasar Larabawa. A gidan hayarsu na unguwar International City, duk cikin mazauna, da Gwamna kaɗai yake Hausa. Gwamna Kirista ne ɗan Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda Abukari yake tsokana da sunan Fasto. Shi yake ajiye wa Abukari ruwan buɗa-baki idan azumi ya zo.

A 2012 wani otal a tsibiran Seychelles ya ɗauki Gwamna aiki. Da zai tafi ya ce, "Baba Abu, ina zama zan nemo maka tuƙi."

Kowace Juma'a yakan bugo waya. Yakan ba da labarin kunkuru da ya kai girman turmi, da kwakwar tsibirin Praslin mai siffar da ba a faɗa gaban surukai, da tsibirin La Digue inda kowa ke hawa keke. Sunayen gundumomi da bakin ruwa kuwa, Anse kaza ne, Anse kaza: Anse Royale, Anse Boileau, Anse Lazio. Gwamna yana karanta su yadda aka rubuta, kunnen Abukari yana jin "an ce".

"Kai Fasto, ƙasar nan komai an ce ne? Ba wanda ya gani da idonsa?"

"Yalla, ka zo ka gani da naka mana, tsoho!"

Batun aikin ma haka ya riƙa tafiya. An ce manaja ya yi tafiya. An ce sai bayan damina. Abukari bai damu sosai ba. Muryar yake jira, ba tuƙin ba. Amma wata Juma'a, cikin raha, bakinsa ya riga shi.

"Wannan an ce ɗin, bakin ruwa ne shi ma, ko magana ce?"

Gwamna ya ce, "Baba Abu, ba aikin. Tuntuni suka ce 'yan ƙasa suke ɗauka."

"Khalas, shi ke nan, ba komai, ɗan'uwa. Yaya kunkurun naka?"

Amma kunya ta riga ta shiga tsakani. Kiran ya koma wata-wata, daga baya sai gaisuwar Sallah a rubuce. Wani ɗan Nepal mai kirki ya gaji gadon kwanan Gwamna. Da safe yakan ɗaga wa Abukari kai, Abukari ya ɗaga masa, kowa ya nemi takalminsa.