Kazar Dutsen da Ta Ƙi Motsi

A gindin duwatsu aka haife ni. Ko yanzu a nan Naif, cikin Dubai, idan hayaƙin gashi ya bugi hancina, murhun kakata Inna Dije nake gani. Da an ci tuwo takan tura ƙirare cikin wuta, mu kewaye ta, ta nuna dutsen bayan gida da haɓa. Tatsuniyoyinta ba na dariya ba ne. Ni kuwa ga tsoro, ga son zaman gaba.

Wadda ta zauna mini ita ce ta Tanko maharbi. Kazar dutse launinta ɗaya da dutsen, sai ka kusa taka ta ba ka gan ta ba. Shi ya sa Tanko ba ya wahalar hawa. Can nesa yake zama, rana a bayansa, ya zuba wa gangaren ido tun hantsi, ko tari ba ya yi.

"Ba idonsa ke gano su ba," in ji Inna, tana rage murya. "Tsoronsu ne. Dutse ba ya gajiya da zama, mai rai kuwa sai ya motsa."

Duk wadda zuciyarta ta tsinke ta ɗaga kai, kibiya ta same ta. Haka ya ƙarar da su, sai wata uwa da ta tura 'ya'yanta cikin kogo, ta lafe, ta rantse ba za ta motsa ba. Kwana da kwanaki, har Tanko ya haƙura ya tafi. Na yi tsalle na ce uwar ta ci nasara. Inna ta harare ni.

"Wa ya faɗa maka? Da 'ya'yan suka fito nemanta, kanta suka hau suna kuka. Ta riga ta zama dutse."

Yau shekara shida da ƙarewar bizata. Rannan masu duba takardu suka tsaya a bakin layinmu, ba su tambayi kowa ba, kallo kawai. Isufu, ɗan Nijar da muke ɗaurin kaya tare, ya ce, "Malam, maza, mu gudu!"

"Kada ka motsa," na ce.

Ya ruga, shi aka kama. Ni na ci gaba da ɗaure kwali, kaina a ƙasa.

Na iya lafewa, wannan kam Inna ta koya mini. In na je gida ba dawowa, shi ya sa nake zaune, amma ƙarshen tatsuniyar ne yake ba ni tsoro. Ranar Juma'a na kira gida ta bidiyo. Hauwa, 'yata da na bari a goye, ita ta ɗauka. Ta dube ni, ba fara'a ba fushi, ta juya ta ƙwala kira:

"Umma, zo, mutumin nan na cikin waya ne."