Tuwon Da Na Zuba Wa 'Yan Majalisa A Tire Ɗaya

A lokacin ban daɗe da zuwa Amurka ba, ina goyon fari, muna zaune a ɗan ƙaramin gida a wani gari da ake kira Landover. Karatuna bai wuce firamare ba, ga ni da tsoro, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Maigidana direba ne a wani kamfanin hayar motoci, aikin nan shi ne cinmu, shi ne shanmu.

Sai aka ba shi jigilar wasu 'yan majalisa daga gida Nijeriya, sun zo taro kan rikicin Isra'ila da Falasɗinawa. Ana so su fitar da matsaya ɗaya, suka rabu biyu, har suka daina shiga mota tare. Jagoran ɓangare ɗaya wani Alhaji ne Bafulatani, na ɗayan kuma dattijo Kirista ɗan ƙabilar Tibi. Kowane ɓangare ya kai ƙarar maigidana wai ya fi kula da ɗayan, kamfani ya ce ƙara ɗaya ta rage a sallame shi. Wallahi na daina barci.

Don ya wanke kansa, ya gayyace su cin tuwo ranar Lahadi, ɓangaren Alhaji da azahar, na dattijo bayan la'asar. Su Alhaji suka makara, su dattijo suka zo da wuri, suka haɗu a ƙofarmu. Dole aka shigo da su falo tare. Maigida ya leƙo kicin ya raɗa mini in raba kwano biyu, nesa da juna. Yarinya na tsala kuka a bayana, sai kawai na yi abin da hannuna ya saba a gidanmu: na jera tuwon a babban tire ɗaya, na zuba miyar kuka da nama, na dire tsakanin manyan biyu. Da na ga idon maigida na san na yi ɓarna. Na koma bayan labule ina salati.

Ina leƙe na ga dattijon ya miƙa hannu ya ɗauke tsokar da ke gaban Alhaji. Alhaji ya dube shi, ya ce kakannin dattijon sun cinye wa Fulani shanu bai ishe su ba, sai ya biyo shi har Amurka. Dattijo ya ce ai bawa ba ya cin tsoka gaban ubangidansa. Aka kwashe da dariya. Ashe Fulani da Tibi abokan wasa ne, kuma abokin wasa ba a fushi da shi.

Daga nan baki ya buɗe. Dattijo ya faɗi yadda ya yi kuka a ziyararsa ta Ƙudus, Alhaji ya yi maganar yaran Gaza. Suka yi musu sosai, amma hannu na cikin tire. A ƙarshe na ji sun ce ko ba su yarda da komai ba, sun yarda kada a taɓa yaro, na kowane ɓangare, kuma da wannan za su fara. Washegari mota ɗaya suka shiga, suna faɗan wa zai zauna gaba. Kamfani bai sake kiran maigida ba sai don sabon aiki.

Ban ce tuwona ya kashe yaƙi ba, har yau ina gani a talabijin ina hawaye. Amma 'yan uwana mata, in masu gaba suka haɗu a gidanku, kada tsoro ya sa ku yi saurin raba musu kwano. Da na bi maganar maigida, da kowa ya ci ya ƙoshi ya tafi da fushinsa.